Yadda Ake Cinikin Sabuwar Mota Har Ta Sauko Ƙasa da Farashin Takardar Dila

Darasin yau ya ɗan kauce daga batun waya da kwamfuta, amma wayar ce dai makamin aikin daga farko har ƙarshe.

Duk wanda ya taɓa raka yayansa ko mahaifinsa wurin dilan mota ya san inda ciniki yake tsayawa. Ana cikin taya da albarka sai dila ya jawo wata takarda daga durowa, ko ya buɗe hotonta a wayarsa, ya ce ga yadda motar ta sauka a kansa, in ya rage ko sisi ya taɓa uwar kuɗi. Daga nan mai saye yakan ji nauyi, ya ɗora ɗan wani abu a kan abin da ya gani a takardar, a tafa, ciniki ya faɗa.

Sai dai adadin da ke jikin wannan takarda ba shi ne ƙasan farashi ba. Akwai lokutan da dila zai sayar ƙasa da shi kuma ya tashi da riba, ba tare da takardar ta zama ƙarya ba. Sanin dalilin haka kuɗi ne mai kauri: ragin kashi 3 cikin 100 kacal a kan motar naira miliyan 50 ya kai naira miliyan ɗaya da rabi.

Mece ce takardar inbois?

Wannan salon ciniki ya fi shahara a Amurka, don haka gara a fara daga can. A ƙasar, sabuwar mota tana da farashi biyu da kowa ya sani. Na farko shi ne wanda ake liƙawa a gilashi. Tun 1958 doka ta tilasta a liƙa wa kowace sabuwar mota takarda mai ɗauke da farashin da kamfanin da ya ƙera ta ya ba da shawarar a sayar. Har yau ana kiran takardar da sunan Sanata Mike Monroney na jihar Oklahoma, wanda ya kai ƙudurin gaban majalisa.

Na biyu shi ne inbois, wato takardar da kamfani yake bai wa dila mai nuna kuɗin da ya caje shi. A da sirri ce tsakanin dila da kamfani. Daga tsakiyar shekarun 1990, shafuka irin su Edmunds da Kelley Blue Book suka hau intanet, kowa ya samu damar ganin farashin inbois daga ɗakinsa. Masu saye suka riƙa zuwa da shi a hannu, suna cewa daga nan za a fara magana. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne, wasu diloli suna yarda su sayar ƙasa da inbois ɗin, kuma ba su rufe shago ba.

Dalilin shi ne akwai kuɗaɗe uku da suke komawa aljihun dila bayan an sayar da mota:

Na farko, kuɗin riƙo. Kamfanoni da yawa suna cusa kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na farashin mota a cikin inbois, su riƙe shi, daga baya su mayar wa dila.

Na biyu, tallafin ɓoye. Idan wata ƙirar mota ta ƙi fita, ko sabuwar ƙira tana tafe, kamfani yakan ba dila wani kuɗi a kan kowace ɗaya da ya sayar, ba tare da an sanar da jama'a ba.

Na uku, ladan cika adadi. Kamfani yakan yanka wa dila yawan motocin da zai sayar a wata ko a wata uku, in ya cika a ba shi lada a kan dukkansu.

Ga misali da ƙagaggun alƙaluma don a ga yadda lissafin yake. Farashin gilashi dala 30,000, inbois dala 28,500. Kuɗin riƙo na kashi 2 cikin 100 ya kama dala 600, tallafin ɓoye dala 1,000. Ainihin abin da motar ta ci wa dila ya zama dala 26,900. In ya sayar a kan dala 28,000, ya sauko ƙasa da inbois da dala 500, amma ribarsa dala 1,100 tana nan.

Ladan cika adadi ya fi wannan ƙarfi. A ce an yi wa dila alkawarin dala 500 a kan kowace mota in ya sayar da 50 a wata, ga shi ranar 30 ga wata ya tsaya a 49. Motar nan ta ƙarshe ita ce mabuɗin dala 25,000. Ko da zai faɗi da dala 1,000 a kanta, sayarwa zai yi yana murna. Shi ya sa a can ake cewa a je sayen mota a ƙarshen wata.

Yaya abin yake a Kano?

A Najeriya ba a saba liƙa farashi a gilashi ba, kamfanoni kuma ba sa bayyana farashin da suke bai wa dilolinsu. Don haka matakin farko shi ne mai saye ya gane wane irin mai sayarwa ne a gabansa, domin kashi uku ne.

Akwai dilolin da suke ƙarƙashin manyan wakilan kamfanoni, irin su Toyota Nigeria Limited, da Stallion mai Hyundai da Nissan, da Dana mai Kia, da Coscharis mai Ford da BMW, da Mikano mai Changan, da CIG mai GAC. Motarsu tana zuwa da garanti, farashinsu kuma daga hedikwata yake fitowa. Tsarinsu ya fi kama da na Amurka: akwai rangwamen da wakili yake bai wa dila, akwai kuma matsin fitar da tsohon kaya.

Akwai masu harhaɗa mota a cikin gida. Kaduna ta saba da wannan tun 1975 da aka fara harhaɗa Fijo a can, kuma a 2022 kamfanin Dangote Peugeot ya fara aiki a sabuwar masana'antarsa da ke kan hanyar Kaduna zuwa Abuja. Akwai kuma Innoson a garin Nnewi na jihar Anambra.

Sai kashi na uku, waɗanda su ne mutumin Kano ya fi haɗuwa da su a wuraren sayar da motoci na bakin manyan tituna, irin su titin Haɗeja da titin Zariya. 'Yan kasuwa ne masu cin gashin kansu, suna shigo da mota daga Dubai ko Amurka ko China, sabuwa da 'yar Kwatano duk a fili ɗaya. Waɗannan babu kamfanin da yake riƙe musu kuɗi. Takardarsu lissafin kansu ce: kuɗin saye, dakon jirgin ruwa, kuɗin fito na kwastam, ladan ejan, da ɗauko mota daga Legas zuwa Kano, tafiyar kusan kilomita 1,000.

To in babu kuɗin riƙo, me zai sa irin wannan ɗan kasuwa ya sauko ƙasa da takardarsa? Abu biyu: dala da lokaci.

Dala: abin da dila zai sake sayo wata da shi

Ɗan kasuwa mai lissafi ba ya duban nawa ya sayi kaya jiya kawai. Abin da ya fi damunsa shi ne nawa zai sake sayo irinsa gobe. Masu shiga kasuwar waya ta Farm Centre ko ta titin Beirut sun san wannan: da zarar dala ta motsa sama, wayar da take cikin gilas tun watan jiya ma ta ƙara kuɗi. Haka nan in dala ta sauko, ko sabuwar ƙira ta fito, mai tsohon kaya yana neman wanda zai raba shi da shi.

Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, wannan motsi ya yi tsanani. A Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500, a Afrilu ta sauko ƙasa da 1,200, kafin shekarar ta ƙare ta sake haura 1,500. Farashin canjin da kwastam take lissafa kuɗin fito da shi ma an sauya shi sau da yawa a wannan shekarar.

Ga wani ƙagaggen misali. Dila ya sayo mota a Dubai dala 20,000, dako da inshorar ruwa dala 1,500, jimilla dala 21,500. Ya sayi dalar a kan naira 1,600, ya kama naira miliyan 34.4. Fito da ejan da kawowa Kano suka ci naira miliyan 11.6. Takardarsa ta nuna miliyan 46, kuma gaskiya ce. Bayan wata huɗu dala ta dawo naira 1,500. Dala 21,500 yanzu naira miliyan 32.25 ce. Wato da abin da bai kai miliyan 44 ba zai iya kawo irin wannan motar, tun kafin a lissafa saukin da kuɗin fito zai yi. In aka taya ta miliyan 45, a takarda ya faɗi da miliyan ɗaya, amma zai mayar da mota gurbin mota kuma canji ya rage a hannunsa. Maƙwabcinsa da ya shigo da tasa a sabon canji kuwa yana iya karya masa farashi a kowane lokaci, kuma ya san da haka.

Lokaci: motar da take zaune tana cin kuɗi

A Nuwamban 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke ba da bashi. Dilan da ya ɗauko naira miliyan 46 a kan kashi 30 cikin 100 a shekara, kowane wata motar tana cin masa naira miliyan 1.15 tana tsaye wuri ɗaya. Wanda jarinsa ne ko na masu zuba hannun jari ma bai tsira ba, domin kuɗin da ya kamata ya juya sau biyu ko uku yana kwance a rana. Ga kuɗin fili, ga maigadi, ga mai wanki, ga ƙurar hunturu da zafin bazara suna cin fenti da tayoyi. Da shekara ta juya kuma, motar bana ta zama ta bara.

Saboda haka tambayar da ta fi muhimmanci ba ita ce nawa dila ya sayo ba. Tambayar ita ce: yaushe ya sayo, a kan wane canji, kuma wata nawa motar ta yi a filinsa. Duka ukun waya tana iya taimakawa a gano su.

Aikin waya kafin a taka ƙafa

Matashin da yake zaune a Kawaji, a ƙaramar hukumar Nassarawa, ba ya buƙatar ya wuni a adaidaita sahu yana zaga gari. Rabin cinikin a ɗaki ake yin sa.

Mataki na 1: A tsayar da mota guda. Ba a ce Corolla kawai a yi shiru. A rubuta shekarar ƙira, girman inji, irin giya, matakin kayan ciki, da ƙasar da aka ƙera ta dominta. Motar da aka yi don ƙasashen Larabawa da wadda aka yi don Amurka suna iya bambanta a kaya da farashi ko da suna ɗaya ne. In ba a tsayar da wannan ba, za a yi ta gwada farashin abubuwan da ba ɗaya ba.

Mataki na 2: A tattara farashi. Jiji da Instagram da Facebook suna nuna abin da dilolin Kano da Kaduna da Abuja da Legas suke nema. Dubizzle yana nuna farashin Dubai. A tuna cewa duk waɗannan farashin nema ne, ba na sallamawa ba. A duba ranar da aka fara ɗora hoton motar a shafin dila. In hoton ya yi wata biyar kuma har yanzu ana sake ɗora shi, an samu amsar tambayar lokaci.

Mataki na 3: A buɗe jadawali a Google Sheets. Kowane dila layinsa. A yi gurbin farashin mota, harajin VAT, kuɗin kawowa Kano, rajista da lamba, inshora, la'ada, sai gurbin jimilla da umarnin SUM. Umarnin GOOGLEFINANCE yana jawo farashin dala kai tsaye, sai a gwada shi da abin da ake sayarwa a Wapa, tunda 'yan kasuwa da yawa can suke duba. Gurbin VAT kada a raina shi: tun Fabrairun 2020 kashi 7.5 cikin 100 ne, wato naira miliyan 3.75 a kan motar miliyan 50. Farashin da ya yi kama da araha yana iya zama wanda ba a saka harajin a ciki ba.

Mataki na 4: A tura saƙo iri ɗaya ga diloli biyar ko shida ta WhatsApp, kowa daban. Ga samfuri:

"Assalamu alaikum Alhaji, barka da kasuwa. Ina neman mota ƙira kaza, shekara kaza, sabuwa, da cikakkun takardun kwastam. Kuɗina a shirye yake, a cikin satin nan nake son rufe ciniki. Don Allah a turo mini farashin ƙarshe wanda ya haɗa komai har miƙa makulli a Kano, tare da lambar shasi. Ina tuntuɓar wasu wuraren ma, wanda ya fi sauƙi shi zan je. Na gode."

Saƙon ya nuna mai saye da gaske yake, ya nemi jimilla ɗaya, ya kuma sanar da dila cikin ladabi cewa ba shi kaɗai ba ne. In farashi ya dawo, sai a koma wa na biyu a ce an samu a kan kaza, ko zai iya yin ƙasa da haka. Kada a ƙirƙiri farashin ƙarya. Dilolin gari ɗaya sun san juna, kiran waya ɗaya ya isa ya tona asiri, daga nan kuma babu wanda zai sake ɗaukar maganar mutum da muhimmanci.

Lambar shasi ba ta ɓoye shekaru

Lambar shasi haruffa da lambobi 17 ce, kuma babu I ko O ko Q a cikinta. Harafin farko yana nuna ƙasar da aka ƙera motar: J Japan, L China, W Jamus, 1 ko 4 ko 5 Amurka. A motocin da aka yi don kasuwar Amurka da wasu da dama, gurbi na 10 shi ne shekarar ƙira: N 2022, P 2023, R 2024, S 2025, T 2026. Hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka, NHTSA, tana da shafin fassara lambar kyauta.

A kuma liƙa lambar a Google. In hotunan motar suka fito daga wuraren gwanjo irin su Copart ko IAA, to ba sabuwa ba ce, wataƙila ma ta yi hatsari ko ta sha ruwa, aka gyara aka mayar mata da leda a kujeru.

A wurin dila, a buɗe ƙofar direba a duba takardar da ke liƙe a jikin ƙarfen, wadda sau da yawa take nuna wata da shekarar da motar ta fito daga masana'anta. A tsuguna a duba taya: lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT sati ne da shekara, misali 1225 yana nufin sati na 12 na 2025. Mai son ƙarin tabbaci ya tafi da 'yar na'urar ELM327, wadda ake sokawa a ramin OBD a ƙasan sitiyari, ta haɗu da waya ta Bluetooth. Manhajar Car Scanner ko Torque za ta nuna matsalolin da kwamfutar motar ta adana, da nisan tafiyar da aka yi tun da aka goge su. In wannan nisan ya fi abin da agogon mota yake nunawa, an taɓa agogon.

Wannan binciken kariya ne, kuma hujjar ciniki ce. Motar da aka ƙera shekara biyu da suka wuce, ko da ba a taɓa hawanta ba, tayoyinta da batirinta sun tsufa, kuma ranar da za a sake sayar da ita da shekararta za a yi mata kuɗi.

Ranar ciniki

Zuwa da kai ya fi aike, amma ba a zuwa hannu rabbana. A tafi da jadawalin a waya, da makanike amintacce, in da hali da wani babba da ake jin nauyinsa. Kafin a fita gida a yanke adadi biyu: wanda za a fara tayawa da shi, da wanda in aka wuce shi za a tashi.

A yi gaisuwa cikakkiya. Kada a nuna zumuɗi, kada a fara ɗaukar hoto a jikin mota ana turawa gida. Tayi ya zama mai hujja, ba tayin wulaƙanci ba, domin wanda ya taya motar miliyan 48 a kan miliyan 30 ya rufe ƙofar magana da hannunsa. In takarda ta fito, ba a ƙaryata ta. Ga yadda maganar take iya kasancewa:

"Ɗan'uwa, ga takarda ka gani da idonka. Miliyan 46 ta sauka a kaina."

"Ranka ya daɗe, ban musa ba. Amma lokacin dala tana 1,600, yau tana 1,500. Motar kuma ta kwana biyu a nan. Ga miliyan 44 da rabi, yau a gama, ka juya kuɗinka."

"Albarka."

Bayan an faɗi adadi, a yi shiru. Yawancin masu saye su suke ƙara wa kansu kuɗi saboda ba sa iya jure shirun minti ɗaya. In dila ya tsaya a kan adadinsa, a juya zuwa abin da shi yake samu da sauƙi: rajista da lamba, sabis na farko, sabon batir, ko inshora. Tun Janairun 2023 ƙaramar inshorar motar gida naira 15,000 ce, cikakkiyar kuwa ba ta gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota ba. Don haka dilan da ya ɗauki nauyin cikakkiyar inshora ta shekara ɗaya ya yi ragi na miliyoyi ko da farashin bai motsa ba.

In ba a daidaita ba, a yi godiya, a bar lambar waya, a ce tayin yana nan har kwana uku. Tashi cikin mutunci shi ne babban ƙarfin mai saye. Sau da yawa kiran da yake biyo baya shi ne mai ɗauke da kalmar "na sallama".

Dillali, musaya da kuɗin banki

Dila shi ne mai kaya, dillali mai shiga tsakani ne. A Kano mota ɗaya tana iya bi ta hannun dillalai uku, kowa ya ɗora nasa. Tun farko a tambaya: motar taka ce ko ta wani? In za a yi aiki da dillali, a yanke la'adarsa tun kafin a fara, adadi tsayayye. La'adar da ake lissafawa da kaso tana sa shi ya fi son farashi ya hau.

Mai son ba da tsohuwar motarsa a yi musaya ya raba cinikin biyu. A gama na sabuwa tukuna, sannan a kawo maganar tsohuwa. In aka haɗa su, ragin da aka samu a nan ana iya cire shi a can ba tare da mutum ya lura ba.

Masu bi ta bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya fara a 2019, su ma darasin ya shafe su. A tsarin murabaha banki ne yake sayen motar, ya ɗora ribarsa a bayyane, ya sayar wa mutum ya biya a hankali. Tunda ribar a kan kuɗin sayen ake ɗora ta, duk abin da aka rage a takardar farashin da za a kai banki ya rage uwar kuɗi da riba gaba ɗaya. A gama ciniki kafin a karɓi takardar.

Inda dabarar ba ta aiki, da inda araha take zama tarko

Ba kowace mota ce za ta sauko ƙasa da takarda ba. Ƙirar da ta fito yanzu kuma ake rububinta, ko Hilux da Land Cruiser a lokacin da gwamnatoci da 'yan siyasa suke saye da yawa, mai su ba ya cikin matsi. Haka nan in dala tana hawa, dila ya fi son motarsa ta zauna a kan ya riƙe naira. A irin wannan yanayi, samun farashin gaskiya da takardu cikakku shi ne nasara.

In kuwa ragi ya yi yawa har ya ba da mamaki, a tsaya. Araha ba ta ado. Mafi yawan lokuta abin da aka cire daga farashin shi ne kuɗin fito. Tun 1 ga Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, a Satumban 2019 kuma kwastam ta rufe wuraren sayar da motoci da dama a faɗin ƙasar tana neman waɗanda aka yi fasa-ƙwaurinsu. Tun 2022 da lambar shasi ake yi wa mota ƙimar fito. Don haka a karɓi kwafin takardun kwastam, a gwada lambar shasin da ke jikinsu da ta jikin mota harafi bayan harafi, a kuma tabbatar da su a wurin hukumar kafin a biya. Motar da ba a biya mata fito ba ana iya kama ta a hanya, kuma wanda take hannunsa shi ne a ciki.

A guji masu tallan gwanjon kwastam a Facebook da WhatsApp da suke neman a fara tura kuɗin fom ko na ajiye mota. Hukumar ta sha gargaɗi a kansu. A duba sunan kamfanin dila a shafin binciken hukumar CAC, a tura kuɗi asusun da yake ɗauke da wannan sunan, ba na wani yaron shago ba. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar shasi, cikakken farashi, da duk alkawarin da aka yi da baki. Saƙonnin WhatsApp kuma kada a goge su.

Wanda bai kai ga sayen mota ba tukuna zai iya gwada hannunsa a kan sabon babur Bajaj ko adaidaita sahu TVS, ko ma waya a Farm Centre. Tambayoyin ba sa canzawa: yaushe kayan ya shigo, a kan wane canji, wata nawa ya yi a shago, kuma nawa ne jimillar komai. Allah ya ba da sa'a, ya sa a saya a sa'a.